Binciken Ɗaliban Digiri na Farko a Fagen Ra'in Ƙwayoyin Asali da Nazarin Farkon Samaniya

1.0 Gabatarwa

Akwai wani ra'ayi da ya daɗe a tsakanin malaman jami'a, cewa wasu fannonin ilmi sun fi ƙarfin ɗalibin digiri na farko, ba shi da abin yi a cikinsu face sauraro da hadda. Fannin da aka fi buga misali da shi shi ne reshen kimiyyar fizikis mai nazarin ƙananan ƙwayoyin da aka gina komai da su, tare da ɗan'uwansa mai nazarin asali da tarihin samaniya. Hujjar masu wannan ra'ayi ba mai rauni ba ce. Na'urorin da ake gwaji da su sun fi ƙarfin aljihun ƙasa guda, lissafin da ake aiki da shi kuwa galibi ba a koyar da shi sai a digiri na biyu. Duk da haka, a kowace shekara ɗalibai masu yawa a jami'o'in duniya suna rubuta kundin kammala digiri a wannan fage, wasunsu ma har aikin nasu ya fito a mujallu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana irin aikin da waɗannan ɗalibai ke yi, da dalilin da ya sa ya cancanci a kira shi bincike. Za a tsaya a kan misali guda a bi shi dalla-dalla, domin bayani a dunƙule ba ya nuna inda wahala take. Mai karatu ba ya bukatar lissafin da ya wuce ƙidaya da rabawa.

Kafin a yi nisa, ya kamata a daidaita kalmomi. An yi amfani da "zarra" ga mafi ƙanƙantar yanki na sinadari, irin su haidirojin ko ƙarfe. "Ƙwayoyin asali" su ne waɗanda ke ƙasa da zarra, waɗanda ba a san wani abu da ya fi su ƙanƙanta a cikinsu ba. "Samaniya" a nan tana nufin sarari baki ɗayansa da duk abin da ke cikinsa. "Ra'i" kuwa yana ɗauke da ma'anar da manazarta harshe suka san shi da ita. Masanin ra'i a fizikis shi ne wanda kayan aikinsa takarda da alƙalami da kwamfuta ne.

2.0 Fannonin Biyu da Abin da ya Haɗa su

Kowace zarra tana da cibiya wadda ta ƙunshi firoton, galibi tare da nutiron, sannan ilektiron na kewaye da ita. Shi firoton da nutiron, kowannensu an gina shi ne da ƙwayoyi uku da ake kira kwak. Ra'in da ya tattara wannan sani, wanda ya kammalu a shekarun 1970, ana kiran sa Daidaitaccen Tsari. Ya lissafa kwak iri 6, da dangin ilektiron iri 6 (uku daga cikinsu su ne nutirino, ƙwayoyi marasa caji masu ratsa komai), da ƙwayoyin da ke ɗaukar ƙarfi tsakanin sauran. Ta ƙarshe da aka gano ita ce ƙwayar Higgs, wadda aka yi hasashenta a 1964, aka kuma tabbatar da ita a 2012 a cibiyar CERN da ke kusa da Janeba, cikin na'urar da kewayenta ya kai kilomita 27.

A ɗaya ɓangaren, Alexander Friedmann ya nuna a 1922 cewa ra'in Einstein ya yarda samaniya ta riƙa faɗaɗa. Georges Lemaître a 1927 da Edwin Hubble a 1929 suka danganta wannan da yadda gungun taurari ke nisantar juna. Idan kuwa samaniya tana faɗaɗa, ke nan a da ta fi haka matsuwa da zafi. Ragowar wannan zafi shi ne hasken da Arno Penzias da Robert Wilson suka bayar da rahotonsa a 1965, wanda ke zuwa daga kowace kusurwa, kuma zafinsa a yau bai wuce digiri 2.7 a ma'aunin Kelbin ba.

A nan ne fannonin biyu suka haɗu. A sakanni na farko zafi ya yi tsananin da babu zarra, babu ma cibiyarta, sai ƙwayoyi zalla suna karo da juna. Saboda haka duk wanda ke son sanin abin da ya faru a lokacin dole ya san halayen ƙwayoyin, haka kuma wanda ke da sabon zato game da ƙwayoyin yana iya gwada shi da abin da wancan zamani ya bari. Wannan gwaji ba ya bukatar na'ura, kuma ta wannan ƙofa ce ɗalibi ke shiga.

3.0 Yadda ake Shigar da Ɗalibi

Al'adar sa ɗalibin digiri na farko cikin bincike ta samu tsari ne a hankali. CERN ta fara karɓar ɗalibai a hutun bazara tun 1962. Jami'ar MIT ta Amurka ta kafa shirinta a 1969 bisa jagorancin Margaret MacVicar, sannan a 1987 hukumar kimiyya ta ƙasar ta fara ɗaukar nauyin ɗalibai su yi kimanin mako 10 suna aiki da wani malami, sau da yawa a jami'ar da ba tasu ba. A wurare da dama, har da jami'o'in Nijeriya, kundin shekarar ƙarshe ne ke cike wannan gurbi.

Akan so a kawo sunayen manya domin ƙarfafa guiwa. Subrahmanyan Chandrasekhar yana ɗan shekara 19 ya fara lissafin iyakar nauyin wani rukunin taurari, a cikin jirgin ruwa daga Indiya zuwa Ingila a 1930. Julian Schwinger ya fara buga aiki a 1935 yana ɗalibi a New York. A ganina waɗannan misalai sun fi razana ɗalibi a kan su taimake shi, domin suna sa a ɗauka cewa sai mai baiwa ta daban. Labarin da ya fi amfani shi ne na Richard Feynman. A 1939, yana shekararsa ta ƙarshe a MIT, malaminsa Manuel Sandoval Vallarta, mutumin Meziko, ya ba shi tambaya ƙarama: ƙwayoyin da ke faɗo wa duniya daga sararin sama, shin maganaɗisun taurari yana karkatar da su ta yadda zai bar alama a kan kusurwar da suke fitowa? Feynman ya yi lissafi ya samu cewa karkatarwar ba ta barin irin wannan alama. Amsar ke nan, wato babu. Aka buga ta a taƙaice a mujallar Physical Review, sunan malamin a gaba. Abin lura shi ne malami ne ya yanko tambayar daidai bakin ɗalibi, kuma amsar "babu" ta ƙirgu a matsayin sakamako.

Tsarin bai canza sosai ba. Da farko akan ba ɗalibi wani sanannen lissafi ya sake yin sa da kansa har ya samu amsar da ke cikin littafi. Bayan nan sai a ce ya canza abu guda a ciki ya ga abin da zai biyo baya. Mataki na farko horo ne, na biyun shi ne binciken.

4.0 Misali: Yawan Hiliyam a Samaniya

Idan aka auna sinadaran da ke cikin tsofaffin taurari da gajimaren iskar da ke tsakaninsu, akan samu kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsu haidirojin ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma hiliyam, sauran sinadarai duka ɗan kaɗan ne. Taurari suna ƙera hiliyam, amma abin da suka ƙera tun farkonsu bai kai ko kusa da wannan adadi ba. Daɗin daɗawa, adadin kusan ɗaya ne duk inda aka duba. Wannan ya nuna gado ne daga wani zamani da ya riga taurari. Manazarta tarihin harshe sun san irin wannan hujja: kasancewar "zamna" da "sabro" a karin harshen yamma ita ke shaida yadda "zauna" da "sauro" suke kafin sauyin da Klingenheben ya bayyana. Hiliyam ma tsohuwar siga ce da ta tsira, daga gare ta ake sake gina abin da babu wanda ya gani.

Ralph Alpher, yana ɗalibin digiri na uku a ƙarƙashin George Gamow, shi ya fara wannan lissafi a 1948. Chushiro Hayashi na Japan ya gyara tushensa a 1950, James Peebles kuma ya fitar da adadi mai kyau a 1966. Abin da ya ɗauki waɗannan masana shekaru, yau ɗalibin aji uku yana iya bin sawunsa cikin makonni.

4.1 Matakan Lissafin

Nutiron ya ɗan fi firoton nauyi, da abin da bai kai kashi 2 cikin 1000 ba. (Kada a rikita nutiron da nutirino, sunayen ne suka yi kama, amma na farko mazaunin cibiyar zarra ne mai nauyi, na biyu kuwa kusan ba shi da nauyi.) Lokacin da samaniya ba ta kai sakan guda ba, ɗayan yana rikiɗewa ya zama ɗayan ba ƙaƙƙautawa, ta hanyar karo da ilektiron da nutirino. Muddin zafi ya yi yawa, ɗan bambancin nauyin nan ba ya tasiri, sai yawansu ya zama kusan daidai. Da zafi ya fara sauka, sai rikiɗewa zuwa mai nauyi ta fi wuya, firoton ya fara rinjaye.

Da musayar ta ci gaba har abada, da nutiron ya ƙare ƙaf. Abin da ya hana shi ne faɗaɗar samaniya, wadda ke nisanta ƙwayoyin da juna. Ana iya kwatanta abin da kasuwar da ke watsewa: ana ciniki, mutane na raguwa, har a kai lokacin da mai saye ba ya samun mai sayarwa, sai kowa ya tashi da abin da ke hannunsa. Wannan ya auku ne wajen sakan 1, zafi yana kimanin digiri biliyan 10. A lokacin, nutiron 1 ne ga kowane firoton 6, ko kusa da haka. Aikin ɗalibi na farko shi ne ya kwatanta saurin musaya da saurin faɗaɗa, ya gano inda suka yi kunnen doki.

Daga nan sai jira. Kafin a samu hiliyam dole firoton guda ya haɗu da nutiron guda su yi ditiriyam, shi kuwa ditiriyam haɗinsa ba shi da ƙarfi. Ƙwayoyin haske sun fi firoton da nutiron yawa fiye da sau biliyan, don haka ko 'yan tsirarun cikinsu masu kuzari sun isa su farfasa duk wanda ya haɗu. Sai bayan kimanin minti 3, zafi ya sauko wajen digiri biliyan 1, sannan ditiriyam ya iya tsayawa. A tsawon wannan jira wasu nutiron sun ruɓe, domin nutiron da ke shi kaɗai ba ya daɗewa. Matsakaicin ransa kusan minti 15 ne. Rabon sai ya koma 1 ga 7.

Sauran lissafin ɗan firamare ma zai iya. A ɗauki ƙwayoyi 16: nutiron 2, firoton 14. Cibiyar hiliyam tana cin nutiron 2 da firoton 2. Saura firoton 12, waɗanda su ne haidirojin. Hiliyam ya ɗauki 4 cikin 16 ke nan, wato kashi 25 cikin 100. Abin da masu duban taurari ke aunawa yana tsakanin 24 da 25. Ɗalibin da ya fitar da wannan adadi da hannunsa ya ga yadda nauyin ƙwayar da aka auna a ɗakin gwaji ya ƙayyade kamannin samaniya baki ɗaya, kuma daga ranar ba ya ƙara kallon darasin a matsayin hadda.

4.2 Inda Bincike ya Fara

Har zuwa nan maimaici ne. Yanzu sai malami ya ce: a ƙaddara akwai nutirino iri na huɗu da ba a gano ba, me zai faru? Saurin faɗaɗar samaniya a wancan lokaci ya dogara ne da yawan kuzarin da ke cikinta, kuma kowane irin ƙwaya mara nauyi yana ƙara nasa kaso. Ƙarin iri guda yana nufin faɗaɗa ta fi sauri, kasuwa ta watse da wuri, nutiron da yawa su tsira, hiliyam ya ƙaru da ɗan fiye da kashi 1 cikin 100. Tunda an auna hiliyam, ke nan an sa wa yawan nau'in nutirino iyaka. Wannan ita ce hujjar da Gary Steigman da David Schramm da James Gunn suka gabatar a 1977. Shekara 12 bayan haka, a 1989, na'urar LEP ta CERN ta ƙirga su ta wata hanya daban, ta samu 3. Masu kallon sama sun riga masu na'ura yin magana, kuma ba su yi kuskure ba.

Wannan ƙofa har yanzu a buɗe take, domin duk sabuwar ƙwayar da wani ya yi hasashe dole a bi da ita ta wannan ma'auni. Akwai kuma tambayoyin da ba a warware ba waɗanda ɗalibi zai iya taɓawa. Ɗaya ita ce ta ran nutiron. Masu tara shi a cikin wani mazubi su ƙirga abin da ya rage suna samun kimanin sakan 878, masu ƙirga ruɓewarsa yana cikin tafiya kuwa sun samu kimanin 888. Ɗalibi yana iya sa kowane adadi a lissafinsa ya ga yadda hiliyam zai motsa. Zai tarar motsin bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba, sannan ya tambayi kansa ko awon taurari ya kai kaifin da zai raba gardamar. Ko da amsarsa ta zama "bai kai ba tukuna", ya yi irin aikin da Feynman ya yi wa Vallarta. Ta biyu ita ce ta litiyam: lissafin da ya dace da hiliyam da ditiriyam yana ba da litiyam ninki uku zuwa huɗu na abin da ake gani a tsofaffin taurari, kuma masana ba su daidaita a kan dalili ba.

Akwai wasu misalan masu irin wannan siga. Daga saurin faɗaɗar samaniya a yau ɗalibi yana iya fitar da shekarunta, ya ga cewa in babu komai cikinta sai abu mai nauyi, za ta kasance 'yar shekara biliyan 9 da ɗoriya, wato ƙanwar wasu taurarin da ke cikinta, abin da ba zai yiwu ba. Ganowar 1998 cewa faɗaɗar tana ƙara sauri ita ta kai adadin ga biliyan 13.8. Shi kansa ma'aunin saurin ana jayayya a kansa: ayarin tauraron ɗan'adam na Planck ya ba da 67.4 a 2018, ayarin Adam Riess kuma ya ba da 73 a 2022.

5.0 Inda ake Tuntuɓe

Babbar matsala ita ce girman take. Ɗalibi mai zumuɗi yakan so ya rubuta kundi a kan haɗe dukkan ƙarfin halitta cikin ra'i guda, ko a kan abin da ya gabaci farkon faɗaɗa. Malamin da ya amince da wannan bai kyauta masa ba. Abin da kan fito shi ne tsince-tsincen maganganun wasu, an jera su babi-babi, ba tare da ɗalibin ya lissafa ko da abu guda da zai iya kare shi a gaban masu jarrabawa ba. Kundi mai shafi 30 da ya amsa tambaya guda ya fi mai shafi 100 da ya zagaya fanni duka. Wannan ciwo ba na fizikis kaɗai ba ne, duk wanda ya taɓa duba kundi a kowane sashe ya san shi.

Ta biyu ita ce kwamfuta. Akwai manhajoji na kyauta, irin su AlterBBN da PRIMAT na lissafin sinadaran farko, da CLASS da CAMB na hasken farkon samaniya, waɗanda ke fitar da amsa cikin ɗan lokaci. Amfaninsu a fili yake, haɗarinsu kuma shi ne ɗalibi ya zuba lambobi ya kwashi zane, bai san abin da ya gudana a tsakani ba. Shi ya sa malamai masu lura ba sa barin ɗalibi ya taɓa manhaja sai ya fitar da kashi 25 ɗin nan a takarda, domin wanda ya san amsar da ya kamata ya gani shi ne zai gane ranar da na'ura ta ba shi shirme.

Ta uku ita ce maimaita abin da wani ya riga ya yi cikin rashin sani. Shi kansa Feynman, sakamakon da ya samu a kundinsa na digiri a ƙarƙashin John Slater, Hans Hellmann ya riga shi bugawa a 1937, shi ya sa ake kiran ƙa'idar da sunayensu biyu. A yau uzurin ya ragu. Tun 1991, lokacin da Paul Ginsparg ya kafa rumbun arXiv, masana wannan fage suna ajiye maƙalunsu a intanet kyauta kafin ma mujalla ta buga su, kuma bayanan Planck a buɗe suke ga kowa. Ɗalibin da ke nesa da manyan cibiyoyi yana karanta abin da na Cambridge ke karantawa a rana guda.

Abin da intanet ba ta bayarwa shi ne mai yanko tambaya. Sanin wace tambaya ce ba a amsa ba, kuma wadda za ta amsu cikin wata shida da lissafin aji uku, sai wanda ke cikin fagen da kansa. Jami'o'i da yawa a ƙasashe masu tasowa ba su da ko mutum guda a wannan reshe. Domin rage wannan giɓi ne Abdus Salam ya kafa cibiyar ICTP a Trieste ta Italiya a 1964, wadda ta fara shirin difiloma na shekara guda a 1991, haka kuma Neil Turok, masanin farkon samaniya, ya kafa cibiyar AIMS a Afirka ta Kudu a 2003. Sai dai duka biyun suna karɓar ɗalibi ne bayan ya gama digiri na farko. A shekarar kundi kuwa, ɗalibin da sashensa ba shi da masanin wannan reshe yakan dogara ne da malamin wani reshe da ya yarda su zauna su koyi lissafin tare, ko kuma da wani masani na nesa da ya amsa wasiƙarsa.